Na Je Ɗauko Yaya Bulus

Tun da na dawo daga Maiduguri ban huta ba. A bakin majami'a a tare ni, a kasuwa a tare ni, har wadda ba ta taɓa leƙo gidana ba ta zo yi mini barka da dawowa don ta ji labari. "Maman Danjuma, yaya garin yake? Da gaske a gidan Barebari kika sauka? Ina Baban da kika je ɗaukowa?" Na gaji da gutsura wa kowa ɗan nasa. To, 'yan'uwana na zumuntar mata, ku gyara zama, ga shi nan gaba ɗaya.

Waɗanda suka daɗe a Kafanchan sun san yayana Bulus. Malamin dabbobi ne, aiki ya kai shi Borno tun yana saurayi. Can ya yi aure, can matarsa ta rasu, Allah bai bar musu ɗa ba. Ya gina gida babba a Bolori, wanda duk danginmu ke taƙama da shi ko da yake yawancinmu a hoto kawai muka san shi. A shekarun tashin hankali mun roƙe shi ya dawo har bakinmu ya gaji, ya ƙi. Daga nan zumuncin ya koma gaisuwar waya a lokacin Kirsimeti.

Wata safiya ina tankaɗen acca, waya ta yi ƙara. Muryar wani dattijo ce, da irin Hausar mutanen can da ba ta raba mace da namiji.

"Kai ne ƙanwar Bulus?"

Na ce ni ce.

"Bulus ya faɗi. Hannu ba ya aiki, ƙafa ba ya aiki. Kai zo. Ni Modu ne, maƙwabcinsa."

Bai ƙara komai ba ya kashe.

Ɗana Danjuma na jin haka ya ce, "Mama, tarko ne. Haka suke kiran mutum su sace." Ya kira lambar, ya ce a ba shi kawunsa. Abin da muka ji gurnani ne kawai, ba kalma ko ɗaya. Danjuma ya ce, "Ko ba tarko ba ne, gidan suke so. Tsoho ba ɗa, ba mata, ga gida a tsakiyar gari." Wurin aikinsa suka hana shi hutu, ni kuwa na ce ko kura ce a can sai na je, tunda ciki ɗaya muka fito. Da ya ga ba zan tanƙwaru ba, sai ya koya mini dabaru. In cire sarƙar gicciye, in yafa mayafi, in aka tare mu a daji in ce sunana Rabi. Na haɗa tsaraba, acca da citta da galan ɗin manja, na kama hanya.

A Jos na shiga motar Maiduguri. Wanda ya zauna kusa da ni wani Alhaji ne cikin farar shadda fes, da hula zanna. Tun kafin mu bar tasha yake waya da Barbarci. Ba na jin yaren, amma kunnena ya tsinci kalma ɗaya, Bolori. Ya faɗe ta, ya sake faɗa, ya kuma waiwayo ya dube ni. Na ce a raina, shi ke nan, an turo mai rakiya, yana gaya musu kaya sun taho. A Bauchi ya miƙo mini dabino, na ce haƙorina na ciwo. Ya miƙo ruwa, na ce na sha.

Bayan Darazo motar ta faɗa wani rami, galan ɗin da ke tsakanin ƙafafuna ya karkace, murfin ya saki. Kafin in ankara manja ya malale gefen rigar Alhaji har zuwa takalminsa. A garinmu da an yi haka, sai direba ya tsaya an raba faɗa. Shi kuwa ya dubi rigar, ya dube ni, ya ce, "Babu komai, Mama. Hanya ce." Kuna tsammanin hankalina ya kwanta? Ƙara tashi ya yi. Na ce mutumin da manja ya ɓata wa farar shadda bai yi faɗa ba, lallai akwai babban abin da yake jira a gaba.

Mun isa Damaturu rana ta yi sanyi, aka ce an rufe hanya sai gobe, haka dokar take. Muka kwana a tasha, mata a gefe guda bisa tabarmi. Wata 'yar ƙabilar Ibo mai shago a kasuwar Maiduguri ta dube ni sama da ƙasa ta fashe da dariya.

"Mama, wa ya ɗaura miki mayafin nan? Ko makaho ya gan ki ya san 'yar coci ce. Cire abinki ki sha iska."

Ban cire ba. Na ce wa ya sani ko ita ma da su take.

Da safe aka buɗe hanya. Daga nan shinge ne bayan shinge, har muka zo babban da ke bakin gari. A nan kowa sai ya sauka, ya tako da ƙafa riƙe da katin shaidarsa. Wani soja matashi ya karɓi nawa, bai duba ba tukuna ya ce, "Mama, sunanki?"

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Rabi."

Ya dubi katin, ya dube ni. "A nan Rifkatu aka rubuta. Koma gefe."

Na koma gefe cikin rana, mutane na wucewa suna kallona. Direba ya fara ƙorafi cewa zai tafi ya bar ni. Sai ga Alhaji mai manja ya dawo baya, ya je wurin sojan.

"Ɗana, tsohuwar nan tsoro ne kawai. Baƙuwa ce. Tun daga Jos take tsorona, ko ruwana ta ƙi sha. Ɗan'uwanta ne ba lafiya a unguwarmu, na ji tana gaya wa direba. Ni zan tsaya mata."

Ashe shi ma a Bolori yake, iyalinsa yake gaya wa yana tafe. Sojan ya miƙo mini katin, ya rage murya ya ce, "Mama, ni ma Kirista ne. Na daɗe a dajin nan, ban taɓa canja sunana ba."

'Yan'uwa, da ƙasa za ta tsage da na shige. Ni da nake tsayawa gabanku ina koyar da ƙarfin bangaskiya, ba wanda ya ɗora mini wuƙa, ba wanda ya ɗaga mini murya, na yar da sunan baftismata a bakin titi. Na tuna manzon nan da ya yi musun Ubangijinsa kafin zakara ya yi cara, na gane ashe ba shi da wuyar yi. Duk da haka, da Alhaji ya ce mu shiga keke ɗaya tunda hanyarmu ɗaya, na ce a'a, na gode. Hali zanen dutse.

Maiduguri gari ne shimfiɗaɗɗe, da itatuwan darbejiya ko'ina, da zafin da ke shiga mutum har ƙashi. Mai keke ya sauke ni a bakin lungu, na taka zuwa ƙofar gidan Ba Modu. Haka suke ce wa dattijo, Ba, mace babba kuma Ya. Dogon tsoho ne siriri da tsage a kumatu, dillalin shanu. Bai yi mini fara'a ba. Ya ce, "Kin zo," (daga nan da Hausarmu zan riƙa ba ku maganarsa) ya nuna mini ɗakin da ke jikin zaure.

Yayana na kwance a kan katifa, ya rame, bakinsa ya karkace, ɓarin dama duk ya shanye. Da ya gan ni sai hawaye. Na durƙusa na riƙe hannun da ke aiki, muka yi kuka tare. Amma ko cikin kukan idona na yawo. Ga hula zanna a rataye, ga buta a lungu, ga mutane na shigowa suna ce masa Ba Bulus. Da ɗakin ya zama daga ni sai shi, na sunkuya na raɗa masa, "Yaya, gaya mini gaskiya. Sun juya ka ne?"

Ya yi wani sauti da na gane daga baya dariya ce. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna bango. Wani ɗan gicciyen katako ne a rataye saman kansa.

"Wa ya rataya?"

"Modu," in ji shi da ƙyar.

Na miƙe na shafa shi da yatsa, don in gani ko jiya aka maƙala saboda zuwana. Ƙura ce a jiki, har da yanar gizo. Na ce to, wannan dai an wuce. Sai na tambaye shi abin da ke cina. "Me ya sa ba ka gidanka?"

Ya ce, "Cike yake."

Matar gidan, Ya Falmata, ta kai ni masauki. Mace ce mai jiki, naɗe da lafaya, in ta wuce ƙamshinta sai ya daɗe bai bi ta ba. Ta ce, "Lale, lale, wushe," wato sannu da Barbarci, ta kawo kasko ta zuba turaren wuta har ɗakin ya turnuƙe. Tana fita na buɗe taga na fitar da kaskon, don ban san abin da aka haɗa a ciki ba. Can aka kawo abinci, burabisko da miyar yakuwa da kifi banda, ga wani abin sha na tsamiya da suke kira ardeb. Aka ajiye, aka ja ƙofa aka bar ni ni kaɗai. A wurinmu baƙo tare da masu gida yake ci, uwar gida ma takan fara ɗanɗanawa a gabansa. Na ce wato ƙyamata suke yi, ba za su haɗa hannu da ni ba. Na dama abincin da cokali don ya yi kamar an taɓa, na ci biskit ɗina na sha ruwan leda. Haka na yi da rana, haka na yi da yamma.

Washegari na nemi gidan yayana. Ba nisa, layi biyu ne tsakani. Na tarar da shi kamar kasuwa. Kowane ɗaki da iyali, tsakar gida an yi rumfuna da buhu, ga murhu nan da can, yara kamar tururuwa. Wasu da ɗankwali irin namu, wasu da hijabi. Wasu ɗakunan ba ƙofa sai labule, kan rijiyar burtsatse kuma ba injin. Ina tsaye sai wani mutum mai tsabta ya taho da sauri.

"Salama, Mama! Ke ce ƙanwar Baba? Yabo ga Ubangiji! Ni ne Istifanus."

Jin gaisuwar gida sai zuciyata ta yi sanyi. Ya kawo kujera, ya yi addu'a mai daɗi, sannan ya matso ya rage murya. Ya ce Allah ne ya kawo ni. Ya ce Ba Modu ya tsare Baba a gidansa don kada kowa ya gan shi, yaransa ne suka kwashe ƙofofi da injin ruwa, kuma jira yake Baba ya cika ya haɗiye gidan. "Mama, shawara ɗaya ce. A sayar tun da wuri. Ina da mai saye, ɗan'uwa ne cikin Ubangiji. Ki ɗauki Baba ku tafi gida."

Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Tun daga Kafanchan nake ɗauke da zargi, ga shi na sami wanda ya ce mini daidai ne. Ban tambayi kowa a gidan ba. Na tari keke na ce Kasuwar Shanu.

Wurin nan ba na mata ba ne. Ƙaho ko'ina, kashin shanu har idon sawu, mahauta da makiyaya da dillalai kowa na ihu da yarensa. Wani bijimi ya kaɗa kai, na ruga na faɗa kan tarin harawa, samari suka yi ta dariya. Da tambaya na sami Ba Modu a wata rumfa yana shan shayi. Ban ko gaishe shi ba na zazzage masa duk abin da ke cikina, a gaban abokansa. Ya saurara har na gama, ya ajiye kofin.

"Kin gama? To ni ma ina da tambaya. Lokacin da ake harbi a garin nan, wa ya zo daga cikinku? Da matarsa ta rasu, wa ya zo? Yanzu an ce ya faɗi, kin iso jiya, yau kin je duba gida. Ni ma tun da kika sauka nake kallonki. Na ce wa Falmata, wannan ba ɗan'uwanta ta zo gani ba."



Ya ce, "Kin san abin da ya sa na kira ku? Biyu ne. In zazzaɓi ya kama shi sunanki yake kira. Na biyu, ina tsoro ya mutu a hannuna ban san yadda ake yi muku sutura ba, in yi masa ba daidai ba. Tashi mu je wurin mai gidan, bakinsa bai mutu duka ba."

Muka tarar da mata biyu daga gidan yayana sun kawo masa kunu, ashe kullum suke kawowa bi da bi. A gabansu Ba Modu ya maimaita abin da na faɗa. Matan suka dubi juna, babbar ta ce, "Mama, mu da idonmu muka ga Istifanus ya kawo masu tura kura sun ɗauki injin. Ƙofofin ma shi ne. Ya ce in mun yi magana, in an sayar da gidan mu za a fara kora."

Na juya ga yayana. Ya lumshe ido ya ce, "Na sani."

A wurin matan na ji sauran labarin. Da mutane suka fara gudowa daga ƙauyuka, Yaya ya ba wasu ɗaki ɗaya. Waɗannan suka kawo wasu. Bai tambayi kowa addininsa ba. Ɗaki bayan ɗaki har ya koma zaure, ranar da wata ta haihu a tsakar gida cikin ruwan sama ya ba ta zauren, ya ɗauki tabarmarsa ya zo wurin Ba Modu. Istifanus ma haka ya zo, da mata da yara huɗu, ba ko takalmi.

Ba Modu ya ce, "Tun farko na gaya masa wannan hauka ne. Bai ji ba."

Na ce a kira wa Istifanus 'yan sanda. Ba Modu ya ce ba sai an kai nan ba, a ba shi izini kawai, kafin la'asar kayan mutumin na kan titi. Karo na farko ke nan da bakinmu ya zo ɗaya. Yaya ya girgiza kai. Muka yi ta yi, yana girgizawa. Da ƙyar ya haɗa kalmomin: "Yaransa fa? Su suka sata?" Na fita a fusace. Na ce a raina ciwon ya taɓa masa hankali.

Da sassafe na fito zan shiga gaishe shi, sai na tsaya a bakin labule. Ba Modu ne a ciki, ya naɗe hannun riga, ga bahon ruwan ɗumi. Yana juya yayana kamar jariri, yana goge masa jiki, yana canja shimfiɗar da ta ɓaci, yana ta yi masa mita da Barbarci. Yayana kuwa ya juya fuska ga bango, kafaɗarsa na rawa. Na koma da baya a hankali. Da Ba Modu ya fito da bahon na tare shi, na ce, "Ba Modu, me ya sa kake wannan?" Har a lokacin ina neman inda ribarsa take.

Ya dube ni kamar na tambayi abin da ya sa ake shan ruwa. "Maƙwabcina ne. Tun gashinmu na baƙi muke shan shayi tare. Ya yi wa shanuna allura, biyu ma sun mutu a hannunsa, har yau ban yafe ba. In bar shi a cikin ƙazanta?" Ya wuce abinsa.

Na shiga na zauna. Yaya ya daɗe bai juyo ba. Da ya fara magana, kalma ɗaya ɗaya take fita, ina haɗawa.

"Rifkatu, bayarwa da sauƙi. Ina ba da ɗaki, ana cewa Baba, Baba, Allah ya yi albarka. Daɗi nake ji. Ina ganin ni wani ne. Ban sani ba girman kai ne ya sa rigar kirki. Da na faɗi, na roƙi Allah ya ɗauke ni, don kada Modu ya ga tsiraicina. Allah ya ƙi. Kullum da safe sai an wanke ni. Yanzu nake koyon karɓa. Ita ce wuya."

Ya huta, ya ci gaba. "Ni da ake yi wa jinƙai kowace safiya, ban biya ba, ban cancanta ba, da wane baki zan kori wani?"

Tunanin zumuntarmu na yi. In lokacin shaida ya yi, mukan tashi mu ce Allah ya albarkace ni da mota, ɗana ya sami aiki, na gina gidan bene. Ba laifi ba ne, kyautar Allah ce. Amma ban taɓa jin wadda ta tashi ta ce, na gode wa Allah na faɗi, maƙwabcina na wanke ni, na rabu da girman kai ba. Mu da Ubangijinmu ya ce masu albarka su ne matalauta a ruhu da masu tawali'u da masu jinƙai, mun haddace, amma in muka gan su a kwance a zauren wani sai mu ce an cuce su.

Da rana aka kawo abinci kamar kullum. Wannan karon Ya Falmata ba ta fita ba. Ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Ya Rifkatu, kwana biyu kina dama mini abinci kina mayarwa. Kina tsammani ban san abincin da aka ci ba? Guba kike tsoro, ko ƙazantarmu?"

Na ce, "Na ga kuna ajiye mini ni kaɗai, na ɗauka ba kwa son ci da ni."

Ta tafa hannu. "Wai! Mu a nan baƙo mai daraja ba a tsaya masa a ka, sai a bar shi ya ci ya ƙoshi ba mai ƙirga masa loma. Ashe abin gori muka jawo wa kanmu." Ta zauna dirshan, ta wanke hannu, ta jawo kwanon. "To sa hannu. In guba ce mu mutu tare."

Na sa hannu. Ban sani ba ko yunwar kwana biyu ce, amma ban taɓa cin abu mai daɗin burabiskon nan ba. Ina ci hawaye na zuba, ita kuwa tana tura mini kifi gabana tana cewa barkonon ne.

Ranar Asabar Yaya ya sa aka kira Istifanus. Ya zo da fara'arsa da salamarsa, da ya ga matan nan biyu da Ba Modu da ni, sai fuskar ta zube. Ya fara rantsuwa, ya koma kame-kame, daga baya ya durƙusa ya ce yunwa ce da kuɗin makarantar yara, Shaiɗan ne. Ni dai ban ga hawaye ba, na duba sosai. Yaya ya bar shi ya gama, sannan ya ce ba za a sayar da gida ba, ba kuma za a kori kowa ba, har shi. Abu ɗaya yake so. Tun da ya faɗi bai je sujada ba, don lungunsu keke ba ya shiga, Modu kuma bayansa ba zai iya ba.

"Kai za ka riƙa goya ni. Kowace Lahadi."

Ba Modu ya yi tsaki ya fice. Ni ma na ce, "Yaya, mutumin da ya so ya sayar da kai, shi za ka hau bayansa?" Ya ce, "Shi."

A daren na yi masa maganar komawa Kafanchan, na ce ga ɗaki na gyara, ga asibiti kusa. Ya ce in ya tafi, kafin wata ya ƙare gidan ya watse. Ya ce in bar shi inda Allah ke koya masa karatu. Na kira Danjuma na gaya masa, ya yi ta faɗa a waya cewa an shanye mu duka biyu.

Ranar Lahadi da safe Istifanus ya zo cikin rigarsa ta sujada. Aka ɗora masa Yaya a baya, Ya Falmata ta kawo zane ta ɗaure su tam kamar goyon jariri. Hannun da ya shanye na reto, mai lafiyar ya zagaye wuyan Istifanus. Suka shiga lungu, yashi na cin ƙafa, mutanen unguwa na fitowa suna cewa, "Ba Bulus, wushe! Yau an fito?" Yaya na ɗaga musu kai yana wannan dariyar tasa ta gefen baki. Na ga gumi na tsiyaya a ƙeyar Istifanus, na ga kuma ya sunkuyar da kai ƙasa, ko nauyi ne ko kunya, Allah kaɗai ya sani.

Ina biye da su, da sarƙar gicciyena a wuya, sai na ji takun mutum a gefena. Ba Modu ne, da sandarsa ta kasuwa.

Na ce, "Ba Modu, ina zuwa? Ai majami'a za mu."

"Na sani. A gindin bishiya zan jira." Ya nuna bayan Istifanus da sandar. "Ban yarda da mutumin nan ba. Zai iya yar da shi."

Na ce, "Ni ma ban yarda da shi ba."

"To ki tsare hagu, ni in tsare dama."

Haka muka tafi har ƙofar majami'a, tsofaffi biyu masu zargi, muna gadin ɓarawo, shi kuwa yana goye da mutumin da ya yafe masa. Bai yar da shi ba. Na yi sati biyu a garin, Lahadi ta biyun ma bai yar da shi ba.

Kun tambaye ni ina Baban da na je ɗaukowa. Yana can Bolori, a ɗakin jikin zaure. Ban dawo da shi ba, kuma ban dawo da takardar gida ba. Ku sa shi cikin addu'a, amma kada ku ce Allah ya ji tausayin bawansa da ya rasa komai. Na ga masu abin duniya da yawa a rayuwata, ban taɓa ganin mai albarka kamar tsohon nan a bayan Istifanus ba.